Unguwar da Ba a Mutuwa

Mu biyar ne muka fara shugabantar ƙungiyar masu tsara birane a Sakkwato, kuma in za a faɗi gaskiya, 'yan ƙungiyar gaba ɗaya ba su fi mu yawa da wani abin kirki ba. Akwai ranar da muka yi taro aka nemi mutum ɗaya daga cikin mabiya ya ɗaga hannu ya goyi bayan wata shawara, aka rasa, domin duk wanda ya zo yana zaune a babban tebur.

Zamanin kuɗin man fetur ne, soja ke riƙe da ƙasa. Gwamnati na son sabbin unguwanni, kuma tana son su jiya. Kowane mako sai takarda ta sauko daga sama cewa a fitar da fuloti, a buɗe hanya, a nuna inda za a zuba siminti. Haka kawai mu da ba wanda ya san aikinmu muka wayi gari manyan mutane, ana gaishe mu a masallaci da hannu biyu. Duk da haka mahaifiyata har ta koma ga Allah tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta mai zane ne a gwamnati, kuma da yawansu sun ɗauka zanen hula nake yi.

Shugabanmu ɗan wani attajirin tufafi ne, wanda ubansa ya tura Ingila ya dawo da difloma da lofe da lema. Kwat yake sawa da laktaye ko a watan da ƙadangare ke neman inuwa. Bai taɓa kiran Ingila da sunanta ba, sai dai ya ce "a can". A can ba a yin haka, a can akuya ba ta hawa titi, a can har kare yana da layinsa. Muna kiransa Na-Ingila a bayan idonsa. Ba mugu ba ne, kuma yana iya zana shataletale da hannu ba tare da kayan awo ba, abin da ya sa kowace taswira ta bi ta teburinsa sai ta fito da guda biyu ko uku ko ba a buƙata.

Mataimakinsa ɗan manomin gero ne daga wani ƙauye, wanda aka tura Rasha ya koyi aikin likita. Ranar farko da aka nuna musu jini ya sume, da ya farfaɗo aka mayar da shi sashen tsara birane, inda ba a yanka kowa sai gidajen mutane. Ya dawo da gashin baki mai kauri da son faffaɗan titi. Babban burinsa a duniya shi ne ya ja miƙaƙƙen layi ya ratsa tsohon gari daga wannan ƙofa zuwa waccan. In aka ce masa akwai gidaje a wurin, sai ya ce gida ai yana matsawa. Bakinsa kullum cike yake da maganar talakawa da ma'aikata, amma ban taɓa ganin ya tsaya ya saurari ɗaya daga cikinsu har ya kai ƙarshen maganarsa ba. Shi kuma Na-Rasha muke ce masa.

Ma'ajinmu haifaffen Sabon Gari ne, iyayensa mutanen kudu. Malamin labarin ƙasa ne a da, ya yi karatun aikinmu ta gidan waya, takarda ta je takarda ta dawo, har aka aiko masa da satifiket. Ya sa ta a gilashi yana yawo da ita a bayan mota, wai ko za a tambaya. Sakkwatancinsa ya fi na Na-Ingila daɗin ji nesa ba kusa ba.

Ni kuma ɗan dillalin hatsi ne. Na karanta labarin ƙasa a Zariya, na ƙara da kwas na 'yan watanni, na dawo ina jin babu wanda ya san ƙasa kamata. Aka ba ni sakatare saboda ina buga tafireta da yatsu huɗu, sauran kuwa da biyu.

Na biyar shi ne dalilin wannan rubutu. Dattijo ne ɗan gidan magina daga Ƙofar Rini, kowa na kiransa Mai Sarƙa, ni kuwa Baba nake ce masa. Tun zamanin Turawa ya fara jan sarƙar awo a bayan safiyo, ya bi ta En'e, ya zo ma'aikatarmu, shekara talatin da wani abu yana auna ƙasar Sakkwato da ƙafarsa. Babu iyakar gona ko ta gida da bai san wanda ya shaide ta ba. In rigimar fili ta gagare mu, shi muke turawa, ya je ya zauna da tsofaffin unguwa ya dawo da magana ɗaya. Turanci kuwa, iyakarsa sunayen kayan aiki da zagi biyu da ya gada daga wani Bature.

Baba ne ya haɗa ƙungiyar, ko da yake ba a rubuta haka ko'ina ba. Na-Ingila da Na-Rasha ba sa ga maciji, ɗaya na ganin ɗaya ɗan jari-hujja, ɗayan na ganin ɗan'uwansa ɗan gurguzu, alhali dukansu a layin tuwo ɗaya suka taso a makarantar kwana. Baba ne ya kira su zaurensa ya aje musu ƙwaryar fura ɗaya da ludayi biyu. A wannan zauren muka riƙa taro kowace Asabar. Da aka zo rabon muƙamai, sai muka ƙirƙiro masa ɗaya, mataimakin shugaba na biyu. Mu wasa muka ɗauki abin. Shi kuwa da na karanta masa takardar, sai ya sa na sake karantawa, sannan ya karɓa ya naɗe ta ya sa a aljihun ƙirji. Shekara talatin yana aiki, wannan ne karo na farko da aka rubuta wani abu a gaban sunansa wanda ba lambar ma'aikaci ba.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga Ikko. Uwar ƙungiya ta ƙasa ta yarda ta amince da mu a matsayin reshe, in har muka aika da sunayen shugabanninmu da makarantun da suka yi da takardun da suka samu, haɗe da hoton su gaba ɗaya. Suka haɗo da fom mai gidaje. Na zauna na cike. Gidan Na-Ingila bai ishe shi ba sai da na liƙa ƙarin takarda. Na Na-Rasha sai da ya zo da kansa ya rubuta sunan makarantarsa, domin tafiretarmu ba ta da irin waɗannan haruffa. Da na zo kan Baba sai yatsuna huɗu suka tsaya. Ya yi makarantar allo har ya sauke, ya yi karatun zaure gwargwado, amma fom ɗin Ikko bai bar wa wannan wuri ba.

Na-Ingila ya kira taro a ofishinsa, ba a zaure ba, kuma ba a gaya wa Baba ba. Ya ce shi yana ƙaunar dattijon kamar ubansa, amma gida ɗaya da babu komai a ciki zai iya nutsar da mu duka, mutanen Ikko za su yi mana dariya su ce 'yan Arewa sun aiko da lebura a matsayin shugaba. A can, in ji shi, ko mai gadin ƙungiya yana da takarda. Na juya wajen Na-Rasha, masoyin ma'aikata, na tarar ya ɗaga kai yana nazarin fankar silin. Ma'aji ne kaɗai ya jawo fom ɗin ya karanta har ƙasa, ya nuna mana wani ɗan layi da aka buga da ƙananan haruffa. Layin ya ce za a iya karɓar wanda ba shi da takarda idan aka nuna wani aiki na musamman da ya yi, wanda ke ɗauke da sunansa.

Muka bincika ma'ajiyar taswira. Duk aikin da Baba ya yi a da, Bature ne ya sa hannu. Duk wanda ya yi daga baya, mu muka sa. Ba takarda ko ɗaya mai sunansa. Na-Ingila ya ce to shi ke nan, za a jira zuwa ranar ɗaukar hoto, Asabar mai zuwa, in ba a samu komai ba a aika da suna huɗu. Kuma tunda sakatare ke kai saƙo, ni zan je in gaya wa dattijon.

A daidai lokacin muna da wani aiki da muke ji da shi. Mu huɗu masu takarda mun shafe watanni muna zana sabuwar unguwa can wajen Arkilla, wadda a lokacin gonakin gero ne da 'yan bukkoki. Kowa ya zuba abin da ya koyo. Akwai shataletalen Na-Ingila, akwai titin Na-Rasha mai faɗin da jirgin sama zai iya sauka, akwai filin ƙwallo da gidan silima da lambun shan iska da wurin ajiye motoci. Har da wurin ninƙaya muka sa, a garin da famfo ke kawo ruwa ranar da ya ga dama. Mako mai zuwa za a kai taswirar gaban wani babban hafsan soja ya sa hannu.

Ita na naɗe na ɗaura a bayan babur na nufi Ƙofar Rini bayan la'asar, don in sami abin fakewa da shi kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Na tarar da Baba a zaure. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya leƙa cikin gida ya sa aka fito da wata babbar riga sabuwa dal, shuɗiya mai aska, ta dawo daga wurin mabuga tana ƙyalli. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma yana shafawa, ya tambaye ni ko shuɗi yana fita a hoto, domin wani ya ce masa da fari ya ɗinka. Na ce masa shuɗi ne ma ya fi fita. Saƙon da na zo da shi ya koma ciki ya zauna.

Don in rufe kunyata na warware taswirar, muka danne gefunanta da takalma. Baba ba ya karanta Turanci, amma taswira yana karanta ta fiye da mu. Ya bi titunan da yatsa a hankali. Ya tambayi shuɗin murabba'in nan na mene ne, na yi masa bayani, ya gyaɗa kai ya ce kududdufin gwamnati ke nan. Ya daɗe yana dubawa, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Sannan ya ɗago.

"Malam Sakatare, mutum nawa kunka ce za su zamna shiyag ga?"

Na ce dubbai, na faɗa da alfahari.

"To madalla. Dut cikinsu babu mai mutuwa?"

Ban gane ba, sai da ya ƙara.

"Na ga wurin wanka, na ga wurin ƙwallo, na ga hal inda mota ka kwana. Ban ga inda za a bizne mutane ba."

Na duba taswirar kamar yau na fara ganinta. Mutum huɗu, takardu daga ƙasashe uku, mun tuna da masu ninƙaya mun manta da maƙabarta. Kuma ba baƙi ne mu ba, babu makon da ɗayanmu ba ya bin gawa. Na sha tunanin yadda aka yi haka. A littattafan da muka karanta, wurin matattu sha'anin wata hukuma ce daban, wannan shi ne uzurin da za a iya faɗa a ofis. Gaskiyar kuwa ita ce dukanmu samari ne masu sabbin motoci da sabon albashi, ba wanda ya zauna a gaban farar takarda da fensir yana tunanin likkafani.

Na yi sauri na nuna wani lungu da ya rage babu komai a gefen taswirar, na ce sai a shafa masa koren fensir a rubuta maƙabarta, magana ta ƙare. Baba ya yi dariya har sai da ya yi tari. Ya ce in zo da safe mu je wurin.

Washegari na goya shi a babur, yana riƙe da wata doguwar sandar ƙarfe mai tsini. Lungun da na zaɓa muka fara zuwa. Ya miƙa mini sandar ya ce in soka. Na ɗaga na buga da ƙarfina, ta yi tsalle ta dawo, zafin ya tafi har kafaɗata. Marmara ce zalla a ƙarƙashin ɗan rairayi. Ya ce da mun sa maƙabarta a nan, masu haƙa kabari za su riƙa ambaton iyayenmu a kowace jana'iza. Na nuna wani wuri ta yamma mai laushi, ya ce wannan kwari ne, da damina ruwa ke kwanciya, kuma wurin ninƙaya ɗaya ya ishi unguwa.

Muka yini muna yawo. Yana soka ƙarfe yana zarowa yana duba abin da ya manne a bakinsa, yana murza ƙasar a tafin hannu. Ya tsaya wurin wani manomi suka gaisa gaisuwar da ta kusa cinye rabin sa'a, sannan ya tambaye shi gaba nawa suka haƙa kafin rijiyarsu ta kawo ruwa. Ya duba inda gawo ya yi girma, ya ce saiwarsa ba ta son dutse. Da ya sami wurin da ya kwanta masa, sai ya tsaya ya fuskanci gabas, ya ja layi da sandar a ƙasa, ya ce filin ya bi wannan layin don kaburbura su jeru ba tare da an yi asarar ƙasa ba. Ni da na so in tura wurin can nesa bayan unguwa don kada ya ɓata mana tsari, sai ya hana.

"Ku auna da kahwaɗa, ba da mota ba," in ji shi. "Mutane ka ɗaukar makara, cikin rana. In wuri ya yi nisa, tsohi ba su zuwa, kuma su ad da addu'a."

A hanyar dawowa zuciyata fari ƙal. Ga aikin da ɗan layin nan na ƙasan fom ke nema, ya faɗo mini a hannu. Zan zana shi, in rubuta sunan Baba a gindin takardar, in aje a gaban Na-Ingila. Ban ma gaya wa dattijon an yi niyyar cire shi ba, tunda na ga ba sauran dalili. Na kwana biyu ina gyaran taswirar, na yi ta shirya jawabin da zan yi, har da wurin da zan ɗan tsaya in kalli Na-Rasha.

Ranar Alhamis muka taru a ofis mu huɗu. Na shimfiɗa tsohuwar taswirar na tambaye su ina maƙabarta. Lofen Na-Ingila ya mutu a hannunsa. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani. Zamanin da ake korar manyan ma'aikata ta rediyo ne, mutum na shan kunu da safe ya ji sunansa. Da mun kai wa soja unguwar dubban Musulmi babu wurin bizne gawa, kuma wani ya lura a gabansa, da ba a Sakkwato za mu ƙarasa shekarar ba. Sai na warware sabuwar, na nuna wurin, na yi bayanin marmara da kwari da rijiya da gabas da kafaɗa, tiryan-tiryan yadda aka koya mini shekaranjiya.

Na-Ingila ya miƙe ya zagayo tebur ya kama hannuna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wannan shi ne ido, wannan shi ne amfanin karatu, ko a can ba kowa ke da irin wannan tunani ba. Ya ce akwai gurbin ƙaro karatu a waje da aka ba ma'aikatarmu, kuma yanzu ya san sunan da zai rubuta. Na-Rasha ma ya ce wannan shi ne tsari don talakawa. Na buɗe baki in faɗi jawabina. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne alhamdu lillahi.

Ma'aji bai tashi ba. Ya dubi jar ƙasar da ta bushe a takalmina, ya dube ni, ya tambaya ko na je wurin dattijon, kuma ko an sami wani abu da za a sa a layin nan na ƙasa. Na ce na je, ban dai samu damar maganar ba. Na ce ana kan dubawa. Ya ce to, ya mayar da murfin alƙalaminsa.

Na gaya wa kaina gobe zan gyara. Gobe ta zo, aka kawo taswirar mu sa mata hannu a ofis, akawu ya riga ya buga sunana a gidan wanda ya tsara. Na ce bari dai a wuce wurin soja. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, na san karin maganar tun ina yaro, ban dai taɓa zaton ni zan zama gardin ba. Daga baya hafsan ya duba taswirar na minti kaɗan, bai kalli shataletale ko ɗaya ba, ya ɗora sandarsa a kan maƙabartar ya ce waɗannan mutane suna da hankali.

Kafin nan Asabar ta zo. Muka haɗu a shagon mai hoto a Sabon Gari, mu huɗu cikin kwat muna zufa. Baba ya iso cikin shuɗiyar rigarsa da rawani, yana ƙamshin turare, ya fi mu kama da shugaba mu duka. Ba wanda ya gaya masa komai, domin wanda aka aika bai faɗa ba. Na-Ingila ya yi dabara irin ta a can. Ya ce a ɗauki hoto biyu. Aka ɗauki na farko mu biyar. Sannan ya yi gyaran murya ya ce na biyun na masu takarda ne kawai, ƙa'idar Ikko ce, ba laifin kowa ba.

Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba da fushi ba. Na tabbata a lokacin ya haɗa komai, zuwana da taswira, da shirun da na yi a kan riga, da labarin da ya riga ya zaga ma'aikata cewa sakatare ya ceci ofis. Ya tattara hannun rigarsa ya fita daga gaban labulen. Sai kuma ya dawo ya tsaya a gabana, ya gyara mini laktayen da ya karkace.

"Tsaya daidai, Malam Sakatare," ya ce. "Ikko za ka."

A hoton da ya tafi Ikko idona a rufe yake. Mai hoton ya ce hasken fitila ne.

Ba mu sake taro a zaurensa ba. Muka koma ɗakin taron wani masaukin baƙi, inda ake kawo lemon kwalba maimakon fura. Ba a yi shekara ba Na-Ingila da Na-Rasha suka koma gaba, ƙungiyar ta kusa rabewa biyu a kan wanda zai zauna kusa da babban baƙo. Ma'aji ya ci gaba da gaishe ni da ladabi, irin ladabin da ake yi wa mutumin da ba a son zama kusa da shi. Baba ya yi ritaya ba da daɗewa ba. Nakan kai masa goro da Sallah, ya karɓe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba, kuma kowace shekara ɗagawar na ƙara nauyi.

Ni kuwa na tafi ƙaro karatun, na dawo ni ma ina cewa a can. Na hau muƙamai, daga ƙarshe na shugabanci ƙungiyar. Duk ɗan littafin da aka buga na tarihin shugabanninmu, a ƙarƙashin hotona za ka ga an rubuta cewa ni ne na fara sa maƙabarta a tsarin sabbin unguwanni. Ɗalibai sun zo sun yi mini tambayoyi a kai, na kuma amsa musu da kyau. Wurin ninƙaya ba a taɓa gina shi ba, ya zama juji. Ɗaya daga cikin shataletalen Na-Ingila masu raguna suka mamaye. Titin Na-Rasha an ci rabinsa da shaguna. Abu ɗaya ne a taswirar nan ya yi aiki yadda aka tsara shi tun ranar farko, kuma bai taɓa rasa masu zuwa ba.

Da Baba ya rasu, da hantsi aka aiko mini. Na ɗauka maƙabartar da ke kusa da Ƙofar Rini za a kai shi, wurin iyayensa, sai na ji an ce a bi motar da ta ɗauki makara zuwa wajen Arkilla. Shi da ya ce a auna da kafaɗa, sai ga shi ya sa an ratsa gari da shi a mota. A bakin kabarin na tsaya kusa da babban ɗansa, wanda shi ma furfura ta fara fito masa. Na tambaye shi a hankali dalilin nisan.

"Shi yab bar wasiyya," ya ce, yana kallon masu haƙa. "Yac ce ya auna ma mutane hilaye shekara talatin, wanga ɗai na yaz zaɓa da hannunai. Yac ce a kawo shi shi gani ko aikin ya yi."

Ashe gidan duk sun sani. Shekarun nan da nake kai goro, sun san wanda suke shimfiɗa wa tabarma.

Na-Ingila yana gefena na dama, ya tsufa, ya aje kwat ya koma babbar riga, yana dogara sanda. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka in yana raɗa kowa na ji. Ya daɗe yana kallon yadda ƙasar ke fita a sauƙaƙe, babu dutse babu danshi. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗebo kaɗan ya murza a tafinsa, sannan ya dafa kafaɗata.

"Sakatare, ƙasag ga da kaz zaɓa ta yi. Dubi yadda taka ginuwa. Ga shi hal dattijon ya amhwana da aikinka. Allah shi saka ma da alheri."

Ɗan Baba ya juyo ya dube ni. Ma'aji, wanda ban san ya zo ba, yana tsaye a ɗaya gefen kabarin, shi ma ni yake kallo. Babu soja, babu Ikko, babu gurbin karatu, babu abin da zan rasa. Kalma biyar ko shida za su isa, kuma mai haƙƙin yabon yana kwance a makara taku uku daga inda nake, ana shirin saka shi. Na buɗe baki.

Na ce amin.